Na sayi kyamara, fokas ɗinta na neman zubar min da mutunci a idon kwastoma

Abban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma gaskiya raina a ɓace yake. Kwanakin baya na sayar da tsohuwar kyamarata, na haɗa da kuɗin adashin da na kwasa, na sayi babbar DSLR ta hannu, wato kyamara mai madubi a ciki, mai cikakkiyar sensa (farantin ɗaukar hoto mai girman fim). Mai shagon ya ce daga Turai aka kawo ta, wai ba ta sha aiki ba. Jikinta kam fes, ko ƙwarzane babu. Ranar Asabar na yi aikin dina da ita da lens 85mm. A fuskar kyamara komai ya yi kyau. Da na zuba a kwamfuta sai na ga idon amarya dishi-dishi, amma furannin da ke bayanta, har da zaren ɗinkin kujerar da take zaune, sun fito tas. Fiye da rabin hotunan haka suke. Uwar amarya ta kira ni tana tambayar yaushe za a kawo albam, na rasa bakin magana. Ba zan kama sunan shagon ko na kamfanin ba, don kada maganar ta koma faɗan 'yan wannan kamfani da 'yan wancan. Abin da nake so in sani: kyamarar ce lalatacciya, ko haka ire-irensu suke?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Oga, wa ya aike ka? A wannan zamanin ka kwashe kuɗinka ka sayi mai madubi? Kamfanonin da kansu sun juya mata baya, yawancin sabbin lens ɗinsu na marasa madubi ne. Ka sayar da ita tun tana da daraja.

Maman Hanif:
Haba Ɗan Birni, mutum ya zo da damuwa, ko jaje babu sai gori. Abban Ummi Allah ya mayar da alheri. A nawa ka buɗe lens ɗin, kuma shota nawa?

Abban Ummi:
Amin Hajiya, na gode. Mafi yawa a f/1.8 na ɗauka, wato lens a buɗe sosai, saboda wurin ba haske, shota kuma 1/200 na daƙiƙa, wasu da filasha wasu babu.

Baba Mai Studiyo:
To ai ka ba kanka amsa, yaro. Ku yaran yanzu kowa so yake bayan hoto ya narke, sai ku buɗe lens har ƙarshe ku dora wa kyamara laifi. Mu da muka yi aiki da fim, da hannu muke murɗa fokas, fim ɗaya hoto 36, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. A f/5.6 ko f/8 muke aikin biki, babu amaryar da ta taɓa dawo min da hoto.

Injiniya:
Baba, akwai gaskiya a maganarka, bari ma in sa mata lissafi. Lens 85mm a f/1.8 kan cikakkiyar sensa, in mutum yana nesa da kai mita 2, kaurin wurin da zai fito tas bai wuce kusan santimita 6 ba. Daga ƙarshen hanci zuwa kunne ma ya fi haka. In amarya ta ɗan sunkuyo, ko kai ka ɗan yi baya kana numfashi, shi ke nan ido ya fita daga ciki. In ka rufe zuwa f/4 zai kai wajen santimita 13. Amma wani abu a bayanin Abban Ummi ya tsaya min a rai. Ya ce kullum abin da ke BAYA ne yake fitowa. In da rawar hannu ce ko motsin amarya, da wani hoton ya faɗa gaba, wani baya, wani daidai. Kuskuren da kullum ɓangare ɗaya yake bi ba na hannu ba ne, na inji ne.

Baba Mai Studiyo:
Ko kuma ɗan akwatin fokas ɗin ya ɗora kan fure.

Abban Ummi:
Baba wallahi ɗigon fokas ɗaya nake amfani da shi, kuma na duba a manhajar kamfanin da ke nuna inda ɗigon ya sauka. Kan ido yake. Shekaruna nawa ina wannan sana'a, tsohuwar kyamarata da wannan lens ɗin dai ba ta taɓa min haka ba.

Mai Bidiyo Kaduna:
Wane hol ne? Ba suna nake tambaya ba, fitilun nake nufi. In irin masu shuɗi da jan nan ne masu juyawa, ga injin hayaƙi, ga tartsatsin wutar da ake kunnawa lokacin shigowar ango da amarya, to ko kyamarar da ta fi kowacce tsada sai ta yi ta lalube. Masu kwalliyar wuri ba ruwansu da mu, su dai wurin ya yi kyau a ido.

Abban Ummi:
Irin su ne. Amma har hotunan da na ɗauka a gidan amarya da rana, bakin taga, akwai matsalar. Ba ta kai ta dare ba, amma tana nan.

Injiniya:
Yauwa, wannan nake jira in ji. Ku ba ni dama in yi dogon bayani, don matsalar nan takan faɗa wa mutane da yawa su yi ta zargin idonsu.

DSLR ba da sensar da ke ɗaukar hoto take yin fokas ba in kana leƙawa ta ido, wato ta ƙaramin gilashin leƙawa na sama. Haske na shigowa ta lens ya bugi babban madubi ya hau sama zuwa idonka. Tsakiyar madubin nan yana barin wani ɓangare na hasken ya wuce, ya bugi wani ƙaramin madubi da ke maƙale a bayansa, shi kuma ya tura shi ƙasa, can gindin kyamara, inda wata 'yar na'ura ta daban take zaune. Ita ce mai fokas. Tana karɓar hasken da ya biyo gefe biyu na lens ta kwatanta su, daga tazarar da ke tsakaninsu take gane ko gaba za a murɗa ko baya, da kuma yawan murɗin. Shi ya sa take da sauri.

Ga inda gizo ke saƙar. Nisan da haske zai yi kafin ya kai wannan na'ura ta ƙasa dole ya zama daidai da nisan da zai yi zuwa sensar hoto. In aka samu bambanci ko na kaurin gashi ne, na'urar za ta ce komai daidai, ɗigon ya yi haske, kyamara ta yi ƙara, amma a kan sensa fokas ɗin ya sauka baya ko gaba. Kyamarar ba ta san ta yi kuskure ba. Faɗuwa ƙasa na kawo wannan, tsufan madubin da ya yi ta bugawa dubban ɗaruruwa na kawo shi, mai gyara da ya kwance bai mayar daidai ba ma na kawo shi. Wani lokaci kuma daga masana'anta ne: kyamara ta ɗan karkata kaɗan, lens ma ya ɗan karkata kaɗan, kowanne shi kaɗai lafiyarsa ƙalau, in suka haɗu kuskuren ya taru.

Gwajin da zai raba gardama bai da wuya. Ka ɗora ta kan ƙafa uku da rana, inda haske yake sosai. Ka liƙa jarida ko kalanda a jikin kwali ka tsayar da shi tsaye, ka jingina rula a gefensa a karkace, yadda wata lamba, misali 15, za ta yi daidai da fuskar kwalin. Ka ja baya kamar mita 4 tunda 85mm ne. Ka buɗe lens har ƙarshe, ɗigon tsakiya, ka sa lokacin jira na daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Ka ɗauki hotuna da dama ta ido, kowane ɗauka ka murɗe fokas ɗin ya ɓace tukuna ta sake nema. Sai ka kunna fuskar baya, wato madubi ya ɗaga kana kallon hoton kai tsaye, ka sake ɗauka. A nan sensar hoto ce da kanta ke yin fokas, ba ta bi ta na'urar ƙasa. In na fuska sun fito tas a kan 15, na ido kuma suna sauka a 18 ko 20, to ka kama ɓarawonka. Ka maimaita da duk lens ɗin da kake da shi. In ɗaya ne kawai ke yi, lens ne. In duka ne, jikin kyamara ne.

Ɗan Birni:
Kun gani ko? Duk wannan dogon karatu saboda madubi. Maras madubi a kan sensar take fokas kullum, babu wata na'urar ƙasa balle ta goce. Tun 2017 Sony A9 ta fito da ɗigo 693. Yanzu kyamara da kanta take neman ido ta bi shi, kai dai danna kawai. Ni ba na ma kallon ɗigo.

Maman Hanif:
Ɗan Birni zo ka yi aikin kamu ka gani. Ni maras madubi nake riƙewa, kuma ina jin daɗinta, amma kada ka ruɗi mutane. Amarya a lulluɓe da mayafi mai duwatsu masu ƙyalli, kanta a sunkuye, ƙawaye sun kewaye ta kowacce da waya a sama. Mai neman idon nan sai ya bar amarya ya kama fuskar wata ƙawa a baya da ta juyo tana dariya, don ita ce fuskarta ke buɗe. In ma ya kama amaryar, gashin idon da ake liƙa mata yanzu ya yi tsawon da fokas ke sauka a kansa, ƙwayar idon ta yi laushi. Ni lokacin kamu da buɗar kai kashe shi nake in koma ɗigo ɗaya in kai shi inda nake so da yatsana.

Mai Bidiyo Kaduna:
Ga kuma filasha. Jan hasken nan mai layi-layi da filasha ke fitarwa a duhu don taimaka wa fokas, da DSLR yake aiki. Yawancin marasa madubi ba sa amfani da shi. A hol mai duhu sosai na sha ganin mai tsohuwar kyamara yana ta ɗauka, mai sabuwa lens ɗinsa na kai da kawowa.

Ɗan Birni:
Wannan tsofaffin marasa madubi kuke magana. Ku riƙe na shekarun nan ku gani.

Maman Hanif:
Sai ka ba mu kuɗin.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina da tambaya kan neman fuskar nan. Na ji ana cewa injinan ba sa gane baƙar fata sosai, da fuskokin Turawa aka horar da su. Ni ma na lura in amarya wankan tarwaɗa ce ko baƙa, da dare, ya fi wahalar kamawa.

Injiniya:
Binciken da mutane ke ambato shi ne na Joy Buolamwini da Timnit Gebru a 2018. Sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni masu tantance ko fuskar namiji ce ko ta mace, suka samu kuskure a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, a kan maza masu farar fata kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Amma manhajojin kwamfuta suka gwada, ba fokas ɗin kyamara ba, kada mu haɗe su. Abin da ka lura da shi yana da bayani mai sauƙi: fokas na otomatik a waɗannan kyamarori bambancin haske da duhu yake nema. Fata mai duhu a wuri mai duhu tana mayar da haske kaɗan, ga farar shadda ko leshi mai ƙyalli a gefe yana ta kiran kyamara. Ka sa wa fuskar ɗan haske, ko ƙaramar fitilar bidiyo ce yaronka ya riƙe, za ka ga bambanci nan take.

Baba Mai Studiyo:
Ni dai na san lokacin da Minolta 7000 ta fito a 1985, aka ce an gama da murɗa fokas da hannu. Canon suka biyo da EOS a 1987 suka canza bakin lens gaba ɗaya, duk wanda ke da tsofaffin lens ɗinsu ya zauna da kayansa. Kowane zamani sai an ce wannan karon injin ba ya kuskure. Ga shi har yau muna zaune muna maganar idon amarya.

Alhaji Mai Kaya:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni ɗan kasuwa ne, kyamarori nake sayarwa, ba ni na sayar masa ba amma bari in faɗi namu ɓangaren. Kayan hannu a kwali muke karɓarsu da yawa, mu kunna, mu ɗauki hoto, mu duba fuska da shota da sensa. Wane mai shago ne yake da lokacin kafa rula ga kowace kyamara? Mai saye ne zai zo da lens ɗinsa da memorinsa ya gwada kafin ya biya. Da yawanku kuna zuwa abin da kuke tambaya shi ne megafiksel nawa, ɗigon fokas nawa, sai a ɗauki hoton titi daga bakin shago da rana tsaka a f/8, a duba a 'yar fuskar kyamara a ce ta yi. Wanda ya sayi ta hannu ya san ba garantin kamfani.

Abban Ummi:
Alhaji da girmanka, amma ce min ya yi lafiyarta ƙalau, ya dafa ƙirji. Da ya ce min "ga ta nan yadda ka gan ta" da ban yi magana ba.

Ustaz:
Alhaji, a nan sai na ɗan saɓa maka. A fiƙihu, in aka sayar da kaya sannan aibin da yake tun kafin ciniki ya bayyana, wanda mai saye bai gani ba kuma yana rage darajar kayan, yana da zaɓin mayarwa. Wannan ko da mai sayarwa bai san da aibin ba. In kuwa ya sani ya ɓoye, to ya shiga hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Sai dai shi ma Abban Ummi kada ya yi ta aiki da ita bayan ya gano aibin, don ana iya ɗaukar hakan a matsayin ya yarda.

Alhaji Mai Kaya:
Malam ban musa ba. Amma wa zai tabbatar ba a hannunsa ta faɗi ba? Mun sha gani, mutum ya kai kaya hawan Sallah doki ya ture shi, ya dawo ya ce haka ya saya.

Admin:
Jama'a a ci gaba da mutunta juna. A tuna dokar gida, ba a kama sunan shago ko na mutum. Abban Ummi ka yi gwajin tukuna kafin a yanke wa kowa hukunci.

Ɗan Maraɗi:
Kafin gwajin ka cire lens ka goge 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare da ke bakin lens da na kyamara da ƙyalle mai tsabta. Mu nan lokacin hunturu ƙura ba ta barin komai. Ka ɗaga madubi kuma ka hura ramin ƙasan da abin hura iska, ba da baki ba. Ƙura in ta kwanta kan na'urar nan tana rikita ta.

Abban Ummi:
Na gode, duk zan yi gobe in Allah ya kai mu.

Abban Ummi:
Salam. Na dawo da sakamako. Na goge, na hura, na kafa ta a tsakar gida da hantsi kamar yadda Injiniya ya ce. Ta fuskar baya, kowane hoto rubutun kalandar ya fito har ana karanta ƙananan baƙaƙen, rula kuma tas a kan 15. Ta ido kuwa, rubutun ya yi laushi, rula na fitowa can baya. Na canza zuwa 50mm, haka. Na sa zum ɗina, haka. Na ari lens ɗin maƙocina, shi ma haka. Babu ko ɗaya da ya faɗa gaba.

Injiniya:
To magana ta ƙare, jikin kyamarar ne. Yanzu shiga cikin saitin fokas. Manyan DSLR suna da wurin gyara wannan, a Canon sunansa AF Microadjustment, a Nikon AF Fine Tune, duka daga -20 zuwa +20. Ƙananan kyamarori na masu koyo da yawa ba su da shi, amma mai cikakkiyar sensa irin taka ya kamata a samu. Tunda baya take faɗawa, ɓangaren ragi za ka bi. Fara da -5, ka gwada, -10, ka gwada, har rula ta dawo 15. Duba kuma ko mai ita na farko ya bar wata lamba a ciki, wani lokaci ita ce duk matsalar.

Abban Ummi:
Na duba. Abin mamaki, a inda ake saitin duka lens a tare na tarar da shi a kunne, an kai shi -20. Wato duk hotunan nan da na nuna muku, da gyaran a ciki aka ɗauke su. Da na mayar sifili abin ya ƙara muni.

Maman Hanif:
Inna lillahi. Kenan wani ya san da matsalar.

Injiniya:
Wani ya sani, tabbas. Lambar nan ba ta sa kanta. Ko mai ita na can Turai ne ya yi ta fama har ya gaji ya sayar, ko wani a hanya. Ba zan ce mai shagon ba ne, don kamar yadda Alhaji ya faɗa, da yawansu ba sa shiga nan. Amma kyamarar da -20 bai ishe ta ba ta wuce saitin menu, sai an buɗe. Ka ɗauki hoton wannan shafin na menu da wayarka kafin ka taɓa komai. Kuma wasu kyamarorin suna rubuta lambar gyaran a cikin bayanan kowane hoto, in taka na yi, hoton farko da ka ɗauka a shagon ranar saye zai nuna tana -20 tun a hannunsa. Wannan ya amsa tambayar Alhaji ta ko a hannunka ta faɗi.

Alhaji Mai Kaya:
In dai haka ne, yana da hujja. Ni da kaina in aka kawo min irin wannan zan karɓa in mayar wa wanda ya turo min. Amma ka je da lalama, kada ka tara masa jama'a a bakin shago. Ka samu wani dattijo a layin ku je tare. In ya ƙi, akwai shugabannin kasuwa.

Ustaz:
Akwai kuma hukumar FCCPC ta kare haƙƙin masu saye, dokar 2018 ce ta kafa ta. Amma a fara da sulhu. Rasit yana hannunka?

Abban Ummi:
Yana nan, har da lambar jikin kyamarar a rubuce.

Ɗan Birni:
In ya mayar maka da kuɗin ka cika ka sayi maras madubi, ka sa adafta, lens ɗinka duka za su yi aiki. Ba gori nake ba wannan karon. Matsalar nan takamaimai ba za ka sake ganinta ba.

Baba Mai Studiyo:
Wannan karon ka yi magana. Amma in ya sake saye ba tare da ya kafa rula a shagon ba, ko wacce iri ce, zan ce ya dawo wurina ya sake koyon aiki.

Mai Bidiyo Kaduna:
Kun bar babbar magana. Hotunan mutane fa? Kyamara a iya canza ta, dina ba a maimaitawa.

Maman Hanif:
Ita nake son in zo kanta. Abban Ummi kada ka ɓoye wa uwar amarya, kuma kada ka tsaya yi mata bayanin madubi da sensa, ba abin da ya dame ta. Ka zauna ka tace. Hotunan jama'a da ka rufe lens, da na nesa, za ka samu da yawa sun tsira. Waɗanda gocewar kaɗan ce, manhajojin ƙara kaifin hoto na yanzu suna ɗan ceto su, in ba ka matsa ba har fuskar ta koma kamar roba. Ka sa su ƙanana a albam, kada ka buga su babba. Wanda za a sa a firem kuwa babu dabara, sai an sake. Ka kira amaryar ka ce za ka yi musu zama na musamman ita da ango kyauta, ta sake sa kayan dinar. Kuɗin mai kwalliya da ɗaurin kallabi kai za ka biya, kada ka bari su buɗe baki su tambaya. Amare da yawa ma sun fi son wannan, don ranar biki a gajiye suke, ido ya kumbura da kuka. Ka tambayi mai bidiyon ranar kuma, in da 4K ya ɗauka ana iya ciro hoto daga ciki, kusan megafiksel 8 ne, ya isa shafin albam.

Mai Bidiyo Kaduna:
Ya isa, sai dai mu a 1/50 muke ɗauka saboda wutarmu mai 50Hz ce, kada fitilu su yi ta ƙyaftawa. Duk inda ake rawa ko liƙi hoton zai ja. A nemi inda suke tsaye cak, kamar wurin yanka kek.

Abban Ummi:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Na kira uwar amaryar da yamma. Ta yi faɗa, ta ce ita ba ta taɓa jin an sake hoton biki ba, amma amaryar ta karɓi wayar ta ce ta yarda in dai kafin su tafi ne.

Shago kuma mun je da wani dattijo. Da farko ya ce kayan hannu ba a mayarwa. Na buɗe kwamfuta na nuna masa hoton da na ɗauka a shagonsa da lambar a jiki, ya yi shiru. Ya rantse bai san da ita ba, kuma na yarda da shi. Kuɗi dai ya ce sun shiga kaya, ba zai iya fitarwa yanzu ba. Zaɓi biyu ya ba ni: ko ya kai ta gyara da kuɗinsa, ko in jira kayan da ke hanya in zaɓi wata in cika ko a cika min. Wanne kuka gani?

Ɗan Birni:
Canji.

Injiniya:
Ni ma canji. Na'urar ƙasan nan kan wasu 'yan sukurori take zaune, kuma daidaita ta aikin kayan awo ne da manhajar kamfani. Mai gyaran da zai murɗa su da ido yana iya gyara maka ɗigon tsakiya ya karkatar da na gefe, ka dawo kana kuka da sabuwar matsala. In dole sai gyaran, a rubuta a takarda cewa in ba ta ci gwajin rula da sifili a menu ba, a ɗigon tsakiya da na hagu da na dama, canji ya tabbata. Ita ma sabuwar in ta zo ka je da ƙafa ukunka da kwamfutarka, ka duba adadin shotar da ta buga, ka shiga wancan shafin kafin komai.

Alhaji Mai Kaya:
A sa rana a takardar. "Kaya na hanya" ba ta da ƙarshe, ni na san mu.

Abban Ummi:
Haka za a yi. Saura matsala ɗaya, ina da ɗaurin aure da walima ranar Juma'a, na riga na karɓi kafin alƙalami. Ta fuskar baya zan iya lallaɓawa da ita, amma tana da nauyin kamawa, ga cin batir.

Ustaz:
Kuma ka tuna abin da na ce, ka bar ta a ajiye tunda an shiga maganar canji.

Baba Mai Studiyo:
Aiko yaronka studiyo bayan la'asar ya karɓi tawa, bakin lens ɗinmu ɗaya ne. Ka zo da memorinka, kuma batir ɗaya ne ke riƙe caji, ɗayan na ado ne. Ka dawo min da ita ranar Asabar da safe, ina da 'yan makaranta masu fasfo.